Hadis ɗin Baffa ya yi rauni

Baffa yana da tsarinsa da kwamfutar nan. In ya dawo daga sallar asuba sai ya danna maɓalli, ya cire hula ya rataye, ya wuce madafa ya ɗora shahi. Kafin ruwa ya tafasa, ya jefa ganye da na'ana'a, ya dawo da kofi a hannu, lokacin ne ita kuma take gama mutsuttsuke ido. Shekaru yana haka, bai taɓa ganin abin a matsayin ciwo ba. Ni ne da na kwana gidan wata Juma'a na ɗauko waya na auna: minti 4 da daƙiƙa 50 daga danna maɓalli zuwa sa'ad da za ka taɓa abu ya amsa maka.

Ƙanin mahaifina ne. Aikin Hajji ya kawo shi Makka a farkon shekarun 1980, karatu ya zaunar da shi. Gidansa yana bayan Shara Mansur, inda za ka sayi tsire ka yi ciniki da Hausa tamkar kana bakin Kurmi. Ni a Jidda nake aiki. Duk ƙarshen mako da na samu sarari nakan hau jirgin ƙasan Haramain daga Sulaimaniyya in sauka a Rusaifa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, in zo in gaishe shi da Gwaggo.

Kwamfutar Dell OptiPlex 7010 ce, doguwar akwatin nan irin ta ofis, ƙirar 2012, babban ɗansa ya sayo masa ita kwance a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh da ke Jidda. Core i5 zubi na 3, RAM giga 8, faifan ajiya giga 500. A cikinta rayuwar karatunsa take: manhajar Maktabar Shamila da dubban littattafanta, darussan da yake bugawa ɗalibai, da sautin karatuttukan da ya tara tun zamanin kaset. Autansa, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, ya daɗe yana cewa, "Abba, khalas, a jefar da ita a sayi laftof." Baffa ya ce ba zai bar allon da idonsa ke gani ba, ba kuma zai bar kibod ɗin da yatsunsa suka haddace ba, ko da harufan Larabcin jikinsa sun goge.

Ni ban yarda ta mutu ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin da ke nuna wahalar da kowane sashe ke sha ya buɗe. Ƙwaƙwalwar tana hutawa abinta, RAM bai ko cika rabi ba, amma layin faifai ya manne a kashi 100 ya ƙi saukowa. In ka kara kunne jikin akwatin kana jin sa, ƙar-ƙar-ƙar, kamar ɓera a bayan buhu. Na sauko da wata 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Kowane faifai yana riƙe da lissafin lafiyarsa a cikinsa, ita karanto maka kawai take yi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuma sai addu'a. Na Baffa rawaya ya nuna. Ya yi aiki sama da awa 30,000, wasu guraben ajiya a jikinsa sun riga sun lalace.

Na ce, "Baffa, hadis ɗinka ne ya yi rauni." Haka muke kiran faifan a bakin masu gyara, ban ma lura da abin da na faɗa ba.

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Wanne daga ciki? Wa ya raunana shi?"

Sai da muka yi dariya har Gwaggo ta leƙo. Da na yi masa bayani ya ce to ai magana ta ƙare, hadisi mai rauni ba a kafa hujja da shi, a nemo ingantacce.

Bayanin da na yi masa shi ne wannan. Tsohon faifai faranti ne na gaske a cikin gwangwani, yana juyawa sau 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai kai da komo a kansa irin na garmaho. Duk abin da ka nema sai hannun ya je wurin, ya jira farantin ya juyo da shi. Kowace tafiya kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ce. Ba komai ba ce in sau ɗaya ce, amma tashin Windows ko binciken kalma guda a Shamila tafiya dubbai ce a jere. SSD kuwa, sabon nau'in faifan da ke maye gurbin irin nasa, babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin lantarki ne irin na cikin waya, ko'ina ka tambaya nan take. Na ce masa bambancin mai buɗa shafi yana lasar yatsa ne da mahaddaci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mahaddaci ma yana mantuwa, ɗana. Kuma shi ba ya sanarwa." A lokacin na ɗauka raha ce.

A Sha'aban ɗin 1446 ne, wato Fabrairun 2025, kuma ya ce lallai a gama kafin azumi domin yana da tafsiri. Kafin in koma Jidda na ja maƙullin murfin gefe, wanda ba ya buƙatar ko sukuddireba, na ɗauki hoton cikin akwatin.

Hoton nan ya cece ni. A titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suke jere, tambayar farko da muhandis, wato injiniyan shagon, ya yi mini ita ce wane irin SSD nake so, SATA ko M.2. Ni da na M.2 na tafi a raina, ɗan siririn nan mai kama da cingam, don na ji an ce ya fi gudu ninkin-ba-ninkin. Ya kalli hoton ya girgiza kai. Babban allon cikin akwatin, wanda komai ke jone a kansa, na 2012 ne, ba shi da gurbinsa, ko ka sa shi ta kati ma na'urar ba ta san yadda za ta tashi daga kansa ba. Abin da zai shiga shi ne mai inci 2.5, wanda ke amfani da wayoyi biyun da tsohon faifai ke amfani da su. Hanyar SATA ta 3 iyakarta gigabit 6 a daƙiƙa, a aikace wajen megabait 550, don haka duk wanda ya ce maka nasa SATA ya ninka haka, tatsuniya yake yi maka. Tsohon faifai kuwa in ya yi 150 ya yi ƙoƙari.

Wani shago can gaba ya nuna mini mai tera 1 a kuɗin da bai kai na mai giga 500 ba, sunan jikinsa ban taɓa ji ba, kwalin kuma ba adireshi. Na san labarin irinsu: a fuska su nuna maka babban ciki, in ka zuba kaya ya wuce ainihin abin da suke ɗauka sai su riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba ka sani ba. Araha ba ta ado. Na koma wurin na farko na sayi Samsung 870 EVO mai giga 500, riyal 200 da 'yan kai har da harajin kashi 15, na karɓi fatura, wato rasit, na adana saboda lamuninsa shekara 5 ne ko rubutun terabait 300, duk wanda ya riga zuwa. A jirgi na yi lissafi: ko Baffa zai rubuta giga 10 kullum, sai ya shekara 80 da wani abu kafin ya kai nan. Da na faɗa masa cewa ya yi, "To shi zai binne mu ke nan." Na kuma sayi ɗan ƙarfen da ke zaunar da mai inci 2.5 a mazaunin mai inci 3.5. Abin da ban saya ba, waya. Ban san kwalin SSD ba ya zuwa da ita ba.

Daren Alhamis ban taɓa sukuru ko ɗaya ba. Faifan waje na jona, na fara kwashe kayan Baffa. Faifan da ya nuna rawaya ba a yi masa gatse, duk wani aiki mai nauyi yana iya zama na ƙarshensa, don haka abin da ba shi da madadi shi ake fara fitarwa. Baffa kuwa komai a fuskar allo yake ajiyewa, folda cikin folda cikin folda, wata sunanta "sabo", wata "sabo na gaske", wata "kada a taɓa". Kwafin ya kai mu har bayan tsakar dare. Sau huɗu ya tsaya yana cewa ya kasa karanta wani fayil. Na rubuta sunayensu a bayan fatura, na danna a tsallake, na je na kwanta.

Bayan sallar Juma'a na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar lantarki ya fita, na ɗauki akwatin na hau da shi saman bene. Kurar Makka ta shekara da shekaru ta yi wa fanka bargo. Na hure ta da bulowa ina tare fankar da yatsa, domin in iska ta juya ta da ƙarfi tana iya lahanta ta. Na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa komai a ciki, na ɗaura SSD a ƙarfensa da sukuru huɗu, na zura. Wayar wuta mai faɗi akwai spare guda tana lilo a ciki, na jona. Sai na nemi siririyar, ta bayanai, na ga babu. Ga shi Juma'a ce, shaguna sai bayan la'asar. Na zare ta na'urar CD na ara.

Baffa yana tsaye a kaina. "Wannan fa?"

"Aro ne, Baffa. Wa yake amfani da CD yanzu?"

"Ni," in ji shi. "A mayar mini in an gama."

Da na kunna, sai ta tsaya da baƙin allo tana ƙorafin ba ta san lokaci ba. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, CR2032, ya daɗe da mutuwa, wutar bango ce ke rufa masa asiri, da na zare sai ta manta kwanan wata. Gwaggo ce ta fitar da mu. Irinsa na'urar auna sukarinta ke ci, tana da guda a ajiye cikin gwangwanin allura. Ta miƙo ta ce bashi ne. Na sa, na danna F2 na shiga saitin BIOS, na gyara kwanan wata, na kuma tabbatar an sa SATA a kan AHCI, wanda shi ne tsarin da SSD ke sakewa a cikinsa.

Niyyata ta farko in kwafe tsohon faifan sukutum zuwa sabon, da Windows da komai, yadda Baffa zai buɗe ya tarar da ɗakinsa kamar yadda ya bar shi. Aikin ya tafi lafiya har ya wuce rabi, sai ya cije. Lokacin da ya rage ya tashi daga minti 40 ya koma awa 3, ya koma awa 11. Hannun nan na ciki yana ta komawa kan gurbin da ya lalace yana sake gwadawa, ana jin sa. Muka yi la'asar, muka yi magariba, bai gusa ba. Akwai hanyar cewa ya tsallake wuraren da suka lalace, amma ban san me ke kwance a wuraren ba, kuma ban so in gina sabon ɗaki da rubabben azara. Na kashe.

Sai sabon zubi. Ina da filashi mai giga 8 da na riga na shirya da Windows 10 a laftof ɗina. A nan akwai abin da na koya da wuya a wani aiki can baya: cire wayar tsohon faifai gaba ɗaya kafin ka fara. In ka bar su biyu a jone, mai zubin yana iya ajiye fayilolin tashi a kan tsohon, ranar da ka cire shi kwamfutar ta ƙi tashi ka rasa dalili. Na zare shi, na ba SSD wayarsa da gurbinsa mai lamba SATA0, na danna F12 na zaɓi filashi. Kwata ɗaya na awa aka gama. Da ta ga intanet lasisin ya dawo da kansa, domin da babban allon aka ɗaure shi, ba da faifai ba. Na sake kunnawa ina riƙe da waya: daƙiƙa 19. Auta ya ce, "Wallah?" ya sa na sake.

Na mayar da kaya daga faifan waje ina jin kaina, na buɗe wa Baffa Shamila, na ja da baya don ya zauna.

Babu harafin Larabci ko ɗaya. Sunayen littattafai, babi-babi, maɓallai, duk sun zama alamar tambaya da wasu ƙwarangwal ɗin harufa marasa ma'ana. Baffa bai ce komai ba, ya dai sa hannu ya riƙe gemu. Daga ƙofa na ji Gwaggo tana cewa a hankali, "Allah dai ya sa ba gyaran gangar Auzinawa aka yi ba." Hanjin cikina ya kaɗa, ga sanyin na'urar sanyaya ɗaki ga ni ina gumi.

Laifina ne. Filashin da Windows na Turanci na shirya shi, na zo na ƙara masa Larabci daga baya na ɗauka shi ke nan. Ashe harshen da allo ke nunawa daban, harshen da tsofaffin manhajoji ke dogara da shi daban. Shamilar Baffa tsohon zubi ce, ba ta tafiya da tsarin Unicode, sai an shiga saitin yanki an gaya wa Windows cewa irin waɗannan manhajoji da Larabcin Saudiyya za a karanta su. Danna uku ne da sake kunnawa, amma sai da na kwashe kusan awa guda kafin in tuna. Littattafan suka dawo cif. Ƙaramin irin wannan ya sake faruwa da darussansa na ajami, waɗanda ya buga da salon rubutu mai suna Alkalami, mai kama da hannun alarammomin Kano. Sabon Windows bai san shi ba. Na sake jona tsohon faifan da wayar aro, na shiga foldar Fonts na kwaso.

Asabar da safe na ce na gama. Baffa ya ce ba a gama ba, ba a yi muƙabala ba. Duk wanda ya kwafi littafi da hannu, in ji shi, sai ya zauna da wani, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, kafin a ce littafi ya inganta. Na so in ce masa na'ura ba ta tsallake layi, sai na tuna da bayan fatura, na yi shiru. Muka zauna, ni ina buɗe folda a tsohon faifai ina faɗin adadin fayilolin ciki da nauyinsu, shi yana duba na sabon yana cewa "sahha". Folda 60 da wani abu. A tsakiyar haka ne idonsa ya kai kan girman sabon faifan.

"An ce 500, ga shi ina ganin 465. An tauye mana mudu."

Na ce mudun ne iri biyu. Masu ƙerawa da 1,000 suke ƙirga kowane mataki, Windows kuma da 1,024, in ka bi matakai uku sai 500 ɗinsu ta zama 465 a nan. Na nuna masa tsohon ma haka yake nunawa. Ya ce to, tunda tauyewar ta kowa da kowa ce.

Muƙabala ta fito da giɓi huɗu, waɗancan na daren Alhamis. Uku littattafai ne da ake samu a intanet, minti biyar na dawo da su. Na huɗun sauti ne, sunansa "Yaya 94". Na tambaye shi karatun wane malami ne. Ya ce ba karatu ba ne. Kafin waya ta yawaita, kaset ake ɗauka a gida a ba alhazai su kawo, shi ma ya ɗauki nasa ya ba su su koma da shi. Wannan wanda mahaifina ya aiko masa ne a 1994. Ban taɓa sanin akwai shi ba. Mahaifina ya shekara tara da rasuwa.

Na gwada kwafa sau uku, faifan yana ƙar-ƙar yana tsayawa a wuri guda. Na fara lissafin masu ceto bayanai a Jidda da abin da za su caja. Baffa dai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata jakar taguwa cike da faya-fayan CD, kowanne da rubutun alƙalami a kansa. Kaset ɗin kansa ya daɗe da tsinkewa, amma babban ɗansa ya taɓa kai shi an juye a CD, daga nan ne ma aka sa a kwamfutar.

"Mayar mini da wayata," ya ce.

Na zare ta daga tsohon faifai na mayar wa na'urar CD. Ta ja faifan, ta yi gurnani, ta buɗe. Minti 26 ne. Sallama, gaisuwa ga mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, labarin damina da farashin buhun gero, wanda ya rasu da wadda ta haihu. Can wajen ƙarshe aka ji yaro yana kuka a baya, muryar ta ce a ɗauke shi yana ɓata kaset. Baffa ya nuna ni da baki. Gwaggo ta tashi ta shiga madafa.

A ranar na ajiye fayil ɗin wuri uku: a SSD, a faifan waje, da wayata. Na kuma yi wa Baffa bayanin da ya riga ni faɗa, cewa tsohon faifai yakan yi tari kafin ya mutu, shi wannan yana iya ɗaukewa dare ɗaya ba ƙara ba alama, don haka duk Juma'a Auta ya jona faifan waje ya kwafe sabon abin da aka rubuta. Na hana Autan tsohuwar al'adarsa ta tattara fayiloli wuri guda duk wata, wannan maganin mai faranti ne, SSD ba ya buƙata, Windows na yi masa irin sharar da ta dace da shi da kanta. Kada kuma a cika shi maƙil. Maganar da na bari ban tayar ba ita ce ta Windows 10, wanda Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 ranar daina kula da shi, ga shi Windows 11 a ƙa'ida daga Core zubi na 8 yake farawa. Na ga ranar ta ɗauki abin da za ta iya.

Tsohon faifan na so in tafi da shi. Baffa ya karɓa, ya naɗe shi a hankici, ya rubuta kwanan wata a 'yar takarda ya soke, ya sa shi a kanta tsakanin littattafai.

Ran uku ga azumi ya kira ni bayan tarawihi. Bincike da yake yi ya je ya dawo, yanzu kafin ya ɗaga yatsa ya fito, wannan ya gode. Amma shirun nan nata bai saba ba, da yana jin ta tana aiki, yanzu sai ya riƙa leƙa fitila ya ga ko tana da rai. Kuma kafin azumi kwana huɗu a jere yana zama a gabanta daga masallaci, sai hantsi ya tuna bai ɗora shahi ba.

"Gwaggonka tana magana," ya ce. "Wai batirinta. In za ka zo ka taho da biyu."